Ɗingishin Motar Arzika

Da hantsi Arzika ya shigo da ita Jega,
baƙa, 'yar Kwatano, tana warin albasar Aliero.
Ya ce, "In tana tsaye lahiyarta lau.
Sai na taka zan wuce tirela
ta kama hizga kamar an riƙe mata wutsiya.
Na sake hulogi a Birni,
na sake hamhon mai a Sakkwato,
kuɗin buhu goma sha ɗaya sun tahi."

Maigidana Labbo bai tanka ba.
Ya gama cin goronsa tukuna.

Ni na yi garaje na jona kwamfuta,
ta rubuto cewa silinda ta uku na tsallake wuta.
Na ɗago da murna, na ce an gama.
Ya ce, "Ta gaya maka ɗakin da aka yi kuka.
Ta gaya maka wanda ya yi dukan?"

Ya kafa tsinin sukundireba a kan injin,
ya ɗora ƙotar a bayan kunnensa,
ya lumshe ido kamar mai sauraron maƙwabta.
"Iska, mai, wuta," in ji shi.
"Su ukun nan ke cin tuwo a akushi guda.
In ka ji rigima, ɗaya ya makara
ko ɗaya ya zo da ƙaramin hannu."

Muka ɗauke koyil na uku muka kai na ɗaya,
mu ga ko ɗingishin zai bi shi.
A silo shiru.
Injin na numfashi kamar jariri ya ƙoshi.
Mota mai tabo haka take,
ba ta faɗin ciwonta a zaune,
sai an matsa mata.

Aka aiko ni wurin Ɗantani mai faci
na aro dogon tiyon iskarsa.
Muka toshe bakin bututu da gwangwanin madara,
muka hura,
na bi kowace gaɓa da ruwan sabulu.
Can ƙasa, inda hannu ke shiga da ƙyar,
kumfa ta tashi,
ƙanana, ƙanana, sannan babba.
Tsaga ce, ba ta kai tsawon farcena ba.
Nan ne ƙarfin tabo yake zurarewa
tun kafin ya isa inda aka aike shi.

Arzika ya yi dariya har da tafi.
Labbo ya ce a dakata.

Bayan la'asar muka hau hanyar Aliero.
Ta ja, ta yi fito mai daɗi,
sai dab da wata gada
ta yi tari ɗaya.
Ɗaya tak. Arzika bai ma ji ba.
Ni na ji, a ƙashin bayana.

Muka jira dare.
Aka kashe fitilar gareji, aka ɗaga bonet,
Labbo ya guntsi ruwa ya fesa.
Ga ta nan:
shuɗiyar wuta, ƙarama kamar maƙesu,
tana tsalle daga wuyan fulogi na uku,
sabon nan na Birni,
tana bin wani siririn layi a jikin farin tangaran.
In iska ta cika ɗaki ta yi nauyi,
wuta takan ƙi ƙofar da aka tanadar mata
ta nemi taga.

Fulogi ɗaya, tiyo ɗaya, kilif biyu.
Arzika ya ƙirga kuɗin sau biyu, yana jin kunyarsu,
ya sauke mana rabin buhu a bakin ƙofa.

Labbo na wanke hannu da fetur,
ya ce ba tare da ya dube ni ba,
"Tarin nan na wajen gada, ka ji shi?"
Na ce na ji.
Ya miƙo mini sukundireban.
Ƙotar da ɗumi har yanzu.